Ranar da Jabez Ya Kashe Uwargida da Fenti

Har yau a ƙauyenmu na Haverby, in ka ambaci sunan Jabez Thackray, ba wanda zai ce maka shi ne ya shekara arba'in da biyar yana yi wa kekunan dokin yankin nan fenti, ko ya tuna maka cewa jan bijimin da ke lilo a ƙofar mashaya aikin hannunsa ne. Abin da za a ce maka kawai shi ne, "Au, wanda ya kashe Uwargida?" Sai a kwashe da dariya. Alhali Uwargida Augusta ta ƙara shekara goma sha tara a duniya bayan kisan, tana cin abincinta sau huɗu a rana, tana korar kuku duk bayan wata shida.

Ranar Larabar da za a binne tsohon Lord Haverby, mijin Uwargida, abin ya faru. Da hantsi aka kafa tsani, aka rataye allon makoki a saman ƙofar babban gida, yadda ake yi wa kowane babba in ya rasu. Ƙaton allo ne mai kusurwa huɗu, a rataye ta kusurwa ɗaya, ɗauke da tambarin mamaci, a ƙarƙashinsa kuma ƙananan garkuwoyi na matan da ya aura. Ko makiyayin da bai taɓa riƙe alƙalami ba, zai iya karanta wannan allo. Garkuwar da aka shimfiɗa wa baƙin fenti a baya, mai ita ta mutu. Wadda aka shimfiɗa wa fari, mai ita tana nan da ranta. Masu tsani suka yaye buhun da aka lulluɓe allon da shi, suka sauko suka tafi neman shayi, ba wanda ya ɗaga kai.

Wanda ya fara ɗaga kai shi ne Kanar Strang, maƙwabcin gidan, tsohon soja kuma kurma. Yana saukowa daga keken doki ya hangi jar barewa, tambarin gidan su Uwargida, zaune a kan baƙi ƙirin. Ya cire hula.

"Har da Augusta?" ya ce, da irin muryar kurame da ke kaiwa har bargar dawaki. "Ikon Allah! Ashe baƙin ciki ya tafi da ita. Ni kuwa da nake ta cewa matar nan ba ta da zuciya."

Ya shiga falo yana share ido, ya tarar da ita zaune daram cikin baƙaƙen kaya tana zuba wa baƙi shayi. Waɗanda ke wurin sun ce ya yi ta ja da baya har ya zauna a kan karen gidan. Ita kuma duk abin da ya faɗa ta ji, don taga a buɗe take. Kafin a gano inda matsalar take a sauko da allon, keken doki biyu sun riga sun juya da labari. Da yamma sai ga furannin ta'aziyya daga wani gida mai nisan mil tara, da sunanta a jikin kati.

Abin dariya ne, ba musu. Amma a wajen Jabez ba daga dariya ya faro ba.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, girarsa kullum da ɗigon fenti. Karatunsa bai yi nisa ba, amma dokokin tambari yana riƙe da su fiye da yadda limamin cocinmu ke riƙe da dokoki goma. Ya san ba a ɗora zinariya a kan azurfa. Ya san zakin da ke tsaye, da wanda ke tafiya, da wanda ke waiwaye, kuma ya san wane gida ne ke da ikon kowanne. In ya ga keken wani sabon mai arziki da tambarin da aka ƙaga masa shekaranjiya, sai ya kau da kai kamar ya ga dattijo ba wando. Mutane suna zaton son manya ne ya sa shi haka. Ko kusa. Shi dai a ganinsa, tunda manya sun ƙirƙiro doka sun ɗora wa kowa, to su fara bin abarsu.

Yana kuma da dalili, sunan dalilin Keziah.

Keziah yayarsa ce, ta girme shi da shekara biyu. Ubansu mai gyaran ƙafafun amalanke ne. Shekara arba'in da biyu kafin wannan Laraba, ta auri Lionel Pellam, ɗan Lord na lokacin. Ba a ɓoye aka yi ba. A cocin ƙauye aka ɗaura, da rana tsaka, bayan an yi sanarwa Lahadi uku a jere kamar na kowa, kuma Jabez, yana da shekara ashirin da ɗaya, shi ya sa hannu a matsayin shaida. A lokacin Lionel ɗa na uku ne, ba gadon da yake jira sai tsohon sirdi. Ubansa ya yi fushi, ya tura su wata 'yar gona a bakin rafi, ya hana a ambaci sunanta a teburinsa. Suka yi shekara biyu a can. Jabez ya ce bai taɓa ganin ɗan manya yana tatsar saniya da murna irin haka ba, ko da yake ita saniyar ba ta yi murna ba. Sai zazzaɓi ya shigo ƙauyen, ya ɗauke Keziah cikin kwana shida, ba ta bar ɗa ba. Aka binne ta a gefen arewa na maƙabarta, inda rana ba ta leƙawa. Surukinta ya yarda a kafa dutse, da sharaɗin haruffa biyu kacal za a sassaƙa. Sunan Pellam, in ji shi, ba na sawa a kan kowane dutse ba ne.

Daga nan mutuwa ta shiga babban gida ta share wa Lionel hanya. Babban wansa ya tafi yaƙi bai dawo ba. Mai bi masa ya faɗo daga doki wajen farautar dila. Uban ya bi su. Kafin mutane su gama mamaki, mai tatsar saniya ya zama Lord Haverby na bakwai. Ya auri Lady Cordelia, 'yar wani babban gida a kudu, mai tambarin kifi uku na azurfa. Ta haifa masa magaji, ta rasu. Sannan ya auri Augusta, wadda ubanta ya yi arziki da masaƙa, ya samo jar barewa ya manna a ƙofarsa.

Aure uku ke nan, ko da yatsu ka ƙirga. Amma akwai jan littafin nan mai kauri da ake bugawa a Landan duk shekara, mai jera zuri'ar manya, wane ya haifi wane, wane ya auri wance. Jabez ya taɓa ganinsa a buɗe a ɗakin karatun babban gida, ranar da aka kira shi fentin taga, kuma ya karanta, don shi ba waliyyi ba ne. Shafi biyu da rabi aka ba gidan Pellam. An faro daga wani kaka da aka ce ya ƙetaro teku da takobi shekara ɗari takwas da suka wuce, ko da yake tsofaffin ƙauye sun ce da buhun gashin tumaki ya zo, kuma daga bayan tudun can ne. An saka kawun da ya zama bishop, wato babban limamin coci. An saka jaririn da ya yi kwana uku a duniya, da sunayensa huɗu. An saka wata gwaggo da ta auri maza uku ta binne su duka, kowanne da ranarsa. Da aka zo kan Lionel sai aka rubuta cewa aurensa na farko da Lady Cordelia ne, na biyu da Augusta. Shi ke nan. Littafin da ya sami wurin jaririn kwana uku bai sami layi ɗaya ba ga macen da ta shekara biyu tana wanke wa Lord Haverby safa.

Abin da ya fi ƙona wa Jabez rai shi ne, duk shekara masu littafin suna aiko wa Lord shafinsa ya duba ko akwai gyara. Sau talatin da wani abu takardar ta zo, ya karanta, ya mayar yadda take. Kuma ba mantawa ya yi ba. Duk shekara, a makon da Keziah ta rasu, sai ga shi a ƙofar rumfar Jabez shi kaɗai, wai ƙafar kekensa tana son fenti. Sai ya tsaya yana kallon gwangwanaye. Can ya ce, "Ƙanena, kana lafiya?" Jabez ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Ya ƙara tsayawa, ya buɗe baki, ya rufe, ya hau dokinsa. Jabez kan shiga gida ya ce wa matarsa Hepsy, "Zaki biyu ne a tambarin mutumin nan, amma ko zuciyar zomo ba shi da ita."

Ranar Asabar kafin waccan Laraba, ƙararrawar coci ta buga tara, alamar namiji ne ya rasu, sannan ta shiga ƙirga shekarun mamacin. Jabez ya ajiye burushi yana bi da yatsu. Da ta kai sittin da bakwai ta tsaya, ya san ko wane ne. Bai jira aike ba, don shi ya yi allon uban, shi ya yi na Lady Cordelia. Ya jawo katakon da ya daɗe da tanada, ya auna, ya fitar da wurin babban tambari, ya jera garkuwa uku a ƙasa, ya shimfiɗa musu fenti: baƙi, baƙi, fari. Biyu sun mutu, ɗaya na nan. Lissafin da duk ƙauyen ya sani.

Litinin da safe Mista Crale, wakilin babban gida, ya iso da takarda. Siririn mutum ne mai magana kamar yana tsoron kalmomi su ƙare masa.

"Thackray, ga zanen. Mata biyu. Ta farko kifi, ta biyu barewa. Laraba da safe."

Jabez ya duba takardar, ya juya bayanta, ya sake dubawa. "Yallaɓai, an manta ɗaya."

"Ba a manta kowa ba."

"Yayata fa?"

"Ba ta da tambari."

"Sai a bar mata farar garkuwa ba zane. Haka doka ta ce ga matar da gidansu ba tambari. Ba ni na ƙirƙiro ba, yallaɓai, ku kuka ƙirƙiro."

Mista Crale ya leƙa cikin rumfar, amma allon na jingine yana kallon bango. Ya gyara safar hannunsa. "Uwargida ta ce biyu. Gidan da kake ciki, Thackray, na gandun Lord ne. Tuni kawai nake yi maka." Ya juya ya tafi.

Hepsy ta ji komai, don tana bayan ƙofa da kwandon wanki, inda ta saba tsayawa duk lokacin da ake maganar da ba tata ba.

"Tsoho, ka dai ji. Biyu aka ce."

"Na ji."

"Wannan 'na ji' ɗin naka na san shi. Shi ka ce ranar da na hana ka sayen gurgun aladen nan. Duba nan, ni ma ina son Yaya Keziah, ita ta koya mini gashin burodi. Amma shekararta arba'in a kwance, ruwan sama ba ya dukanta. Ni kuwa in aka fitar da mu, a ina zan ɗora tukunya? A kan garkuwar?"

"Hepsy, allon nan shekara guda zai yi a ƙofa, sannan a kai shi coci ya zauna har ginin ya rushe. In ba ta hau yanzu ba, ba za ta taɓa hawa ba. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sa hannu. Ranar da na mutu, shi ke nan, kamar ba a taɓa yin ta ba."

Hepsy ta tura kwandon gefe da ƙafa. Can ta dire masa burodi da cuku. "To ci. In za ka jawo mana masifa, ka jawo ta da cikinka a cike."

Niyyar Jabez a fili take. Garkuwa ta farko fara fat ga Keziah, ta biyu kifi, ta uku barewa a kan fari. Amma yana da wani hali da duk wanda ya zauna da shi ya sani. In ransa ya ɓaci, hannunsa aiki yake yi shi kaɗai, kansa kuma yana can yana rigima. Litinin da Talata ya yi su yana faɗa da mamaci. Duk abin da ya kasa gaya masa a ƙofar rumfa shekara da shekaru ya fito da shi, wani lokaci da ƙarfi, har kajin Hepsy suka daina zuwa wajen. Takardar Mista Crale kuwa tana maƙale a ƙusa daidai idonsa. Ta ce ta farko kifi, hannu ya zana kifi a ta farko. Ta ce ta biyu barewa, hannu ya zana barewa a ta biyu, kyakkyawa, har da ƙyallin ido, a kan baƙi. Da ya ga garkuwa ɗaya ta rage, zuciyarsa ta ce masa ga ta Yaya nan. Ya zuba mata farin fenti mai kauri har shafi uku, ya zagaye ta da zaren zinariya, ya tsaya yana kallonta ita kaɗai har idonsa ya cika. Laraba da safe ya lulluɓe allon da buhu saboda ƙudaje, aka ɗora a amalanke.

Wato a allon Jabez, Uwargida ta mutu, 'yar mai gyaran amalanke kuma ita ce ke takaba.

Washegarin jana'iza aka kira shi ɗakin karatu. Ya tafi cikin kayansa na Lahadi, hula a hannu. Ba tsoron Uwargida ne ya fi damunsa ba, kunya ce. Shekara arba'in da biyar bai taɓa sa zaki ya kalli inda bai kamata ba, yau ga shi ya binne mai rai a gaban duk manyan yankin.

Allon na jingine da tebur. Uwargida na zaune kamar an dasa ta, Mista Crale a bayanta. Can bakin taga ga sabon Lord, Aubrey, ɗan Lady Cordelia, mai shekara talatin, yana kallon ciyawa kamar bai taɓa ganin irinta ba.

"Thackray," in ji Uwargida, "kalle ni da kyau. Na yi maka kama da gawa?"

"A'a, ranki ya daɗe. Ko kaɗan."

"An aiko mini da furanni. Furannin jana'izata. Da idona na karanta katin."

"Kuskurena ne, ranki ya daɗe, ba ni da bakin magana. Yau ɗin nan zan gyara."

Da a nan ta tsaya, da Jabez ya koma gida da kunyarsa a aljihu. Amma sai ta miƙa sandarta ta ƙwanƙwasa farar garkuwar. "Wannan fankon fa? Na wace ce?"

Mista Crale ya sunkuyo. "Wata yarinya ce ta ƙauye, ranki ya daɗe. Abin ƙuruciya. Ba irin auren da ake ƙirgawa ba ne."

Jabez ya ɗago kai ya dubi Mista Crale.

"Ba irin wanda ake ƙirgawa ba? Yallaɓai, kai a wane coci aka ɗaura naka? Don nata a wancan da ke bayan bishiyoyi aka ɗaura, da limami, da zobe, da alkawarin da kowa ke yi, kuma sa hannuna yana cikin littafin, je ka duba, har da ɗigon tawadar da na zubar. Sunanta Keziah Pellam. Yayata ce."

"Ni ce matar marigayi ta biyu," in ji Uwargida. "Haka yake a rubuce."

Jabez ya kalli allon, ya kalle ta, ya juya hular a hannunsa sau ɗaya.

"To, ranki ya daɗe, in haka ne na janye haƙurin da na bayar. Matar marigayi ta biyu ta rasu shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ni na zana tambari a akwatin gawarta, ga ɗanta nan tsaye, a tambaye shi. In ke ce ta biyu, allo bai yi ƙarya ba, baƙi ne rabonki. In kuwa kina da rai, yadda nake gani da idona kuma nake ji har cikin kunnena, to ke ce ta uku. Ki zaɓi ɗaya. Ni mai fenti ne, wanda kika zaɓa shi zan shafa."

Daga bakin taga aka ji wani sauti kamar na buta ta fara tafasa. Sabon Lord ya cusa hanci cikin hankici, kafaɗunsa na rawa.

Da duniya tana tafiya daidai, a nan ne zai juyo ya ce a bar matar ubansa a allon ubansa. Kalma biyar ta isa. Amma Pellam ne, ɗan ubansa.

"Fari a bayan barewata," in ji Uwargida, fuskarta ta fi barewar ja. "Wancan fankon kuma a shafe shi, kada in sake ganinsa. In ba haka ba, Crale ya san abin da zai yi da gidanka. Aubrey, ko kana da magana?"

Aubrey ya koma kallon ciyawa. "Yadda kika ce, Mama."

Sai da Jabez ya kai ƙofar baya da allon a kafaɗa ya ji sawu a bayansa. Sabon Lord ne, yana waige-waige kamar ɓarawo a gidansa.

"Thackray, me ka ce sunanta?"

"Keziah, ranka ya daɗe."

Lord Aubrey ya buɗe baki, ya rufe. Jabez ya gane wannan buɗe bakin, ya shekara talatin da wani abu yana ganinsa a ƙofar rumfa. Ya gyara allon a kafaɗa ya wuce.

Hepsy na tsaye a bakin hanya, hannu a ƙugu. "An kore mu?"

"Tukuna."

"To shiga ka shafe, tun kafin bakin nan naka ya ƙarasa mu."

Ya shiga ya shafe. Sai dai duk mai fentin da ya san aikinsa ya san cewa in za ka rufe fari da baƙi, sai ka kankare farin har katako, ka bari ya bushe, sannan ka shafa. Jabez ya fi kowa sanin haka a yankin nan. Bai kankare ba. Farin nan mai kauri bai ma gama bushewa ba, ya dama baƙin hayaƙin fitila da mai har ya yi ruwa-ruwa, ya bi ta kai sau ɗaya. A ido ya yi baƙi wuluk. Mista Crale ya zo ya duba, ya gyaɗa kai, ya tafi. Hepsy kuwa, da ta shekara talatin da takwas tana wanke masa burushi, ta leƙa gwangwanin, ta kalli mijinta.

"Tsoho, wannan baƙin naka ai kamar shayin gidan limami."

"An ce in shafe," in ji Jabez. "Na shafe."

Allon ya koma saman ƙofa, ya sha ruwa, ya sha iska, ya sha ƙanƙara. Da sanyi ya wuce furannin farko suka fito, mai kawo madara ya ce kamar yana ganin inuwa a gefen allon. Da shekara ta cika aka mayar da shi coci, aka rataye a bangon da ke fuskantar kujerar gidan Pellam, inuwar ta riga ta zama garkuwa sosai, toka-toka, zaren zinariya yana leƙowa. Uwargida ta sa Jabez ya sake shafawa. Ya shafa, cikin ladabi. Bayan hunturu biyu ta dawo. Aka aika birnin York aka kawo wani mai fenti mai agogon zinariya, ya zuba baƙi mai kauri. Launin ya ɓace, amma tudun farin da Jabez ya tara yana nan a ƙarƙashi. Duk Lahadi wajen ƙarfe goma sha ɗaya, daidai lokacin wa'azi, hasken tagar kudu na faɗowa a kai, sai siffar garkuwar ta fito ɓaro-ɓaro.

Uwargida ta ce a sauke allon a yi sabo. Limami ya ce abin da ya shiga coci ba ya fita sai da izinin magaji. Aka je wa Lord Aubrey da maganar. Ya buɗe baki, ya rufe. Aka koma bayan wata shida, ya sake. A tarihin shekara ɗari takwas, wannan ne karo ɗaya da shirun gidan Pellam ya amfani wani. Daga ƙarshe Uwargida ta sa aka juya mata kujera, ta yi sauran shekarunta tana sauraron wa'azi tana kallon ginshiƙi.

Ba a karɓe gidan su Jabez ba, don korar sa za ta ƙara wa labarin ƙafa. Amma babban gida bai sake aiko masa ko da ƙafar keke ɗaya ba, ya ƙarasa rayuwarsa yana yi wa amalanken manoma shuɗi da ja. Jan littafin Landan ma bai canja ba. Har yau aure biyu ne a shafin, da bishop, da jaririn kwana uku. Dutsen gefen arewa har yau haruffa biyu ne. In Jabez ya tuna, ko a tsakiyar cin abinci ne, sai ya buga sanda a ƙasa har cokula su yi tsalle.

Sai dai duk baƙon da ya shiga cocinmu, ba ya tambayar zakuna, ba ya tambayar kifi. Gefen allon yake nunawa ya ce, "Waccan fa, ta wace ce?" Sai mai shara, ko limami, ko duk wanda ke kusa ya ce, "Keziah ce, matarsa ta farko." Sunan da aka hana sassaƙawa a dutse ana faɗinsa sau goma a mako in baƙi sun yi yawa. Abin da ya rage wa Jabez na takaici ɗaya ne: ita ce ta farko, amma ga ta a ƙarshen jere, kuma ba wanda zai ɗora wa laifin sai hannunsa.

Ko baƙin da ya faɗa bayan barewa kuskure ne da gaske? Jabez ya rantse har ya tsufa cewa kuskure ne. Hepsy takan ce ta yarda da shi, ban da ranakun da ta zauna ta yi tunani.

Wata Asabar bayan an tashi kasuwa, yana zaune a mashaya ƙarƙashin bijiminsa, sai Seth Dunnock mai haƙar kabari ya shigo da laka har gwiwa, ya zauna kusa da shi da nishi.

"Mai fenti, ka koya mini sana'ar nan taka mana. Ni sai na wuni ina haƙa kafin in binne mutum ɗaya, bayana kamar zai karye. Kai kuwa burushi biyu ka gama da Uwargida, ko gumi ba ka yi ba. Af, surukata ma tana nan fa, in kana da ragowar baƙi."

Aka yi ta dariya har mai mashaya ya zubar da giya. Jabez ya kurɓi tasa, ya share gashin baki da bayan hannu, ya jira suka lafa.

"Ku yi dariyarku," ya ce. "Yayata shekara arba'in suka binne ta ba suna, ba wanda ya ji ta ce uffan. Uwargida kuwa daga karin kumallo zuwa abincin rana kawai na binne ta, har yau gari bai huta ba."